Ranar da Na Yi wa Tsuntsaye Sallama

Tun da na dawo daga bakin teku wayata ba ta huta ba. Wannan ta kira ta ce, "Hajara, yaya hanya?" Waccan ta turo saƙo, "Wai da gaske tsuntsaye kika je kallo, ko dai da wata a ƙasa?" Har wadda rabonta da gaishe ni tun kafin korona ta tuna da lambata. Na san ba hanya kuke tambaya ba, ba kuma tsuntsu ne ya dame ku ba. So kuke ku ji yadda aka yi na tafi a motar Dakta Kamal na dawo a bas, da yadda maganar aurenmu, da ake shirin kai wa manya a gida, ta tsaya a cikin taɓo. Na ji ana cewa na saki reshe na kama ganye. To ga labarin tiryan-tiryan, kuma sau ɗaya zan ba da shi. Wadda ta karanta ta ga wautata, ta riƙe wayonta, Allah ya amfana mata shi.

Daga kullen korona zan fara, don a can abin ya samo asali. Kun san ɗakina a unguwar Setapak, cikin Kuala Lumpur, can sama kusa da gajimare, taga ɗaya da 'yar baranda. Da aka rufe gari, karatu ya koma cikin kwamfuta, titin da ba ya barci ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Littattafan soyayyar da na taho da su a ƙasan akwati na karance su, na sake, har na san shafin da jarumi zai gyara murya. Da suka ƙare sai na koma taga. A nan na fara jin wani tsuntsu da asuba, yana kuka yana ƙara ɗaga murya, kamar mai kiran wanda ya yi masa nisa. Ni da na tashi a Haɗeja, inda tsuntsu ya fi mutum yawa a fadama, ban taɓa tsayawa na saurari ko ɗaya ba sai da aka kulle ni a ƙasar wasu.

Maƙwabciyata Mak Cik Zaiton tsohuwar malamar makaranta ce, barandarta tana jikin tawa. Ta lura kullum ina leƙe. Rannan sai na tarar ta rataya mini madubin hangen nesa a hannun ƙofa, cikin leda, ta fesa masa magani har yana ɗiga. Da yamma ta leƙo ta barandarta ta ce, "In sanyi ya shiga ƙasashen arewa, can wajen Sin da Rasha, tsuntsayensu nan suke gudowa. Taɓon bakin tekun Selangor suke sauka. Bana 'ya'yana sun hana ni fita ko nan da can. Ke ki je ki gano mini. Ƙanwata tana da masauki a can."

Na ce mata mu ma muna da baƙuwa irin wannan, shamuwa, wadda in ta sauka a kan tsamiya an san damina ta ƙarato, kuma ko yaro mai danƙo ba ya harbinta. Amma ban taɓa jin wanda ya hau mota ya bi shamuwa don ya kalle ta ba. A wajenmu tsuntsu ko na miya ne, ko na ɓarna a gona, ko a bar shi da Allahnsa. Ta yi dariya har takunkuminta ya zame.

Sai Dakta Kamal. Ba zan rage masa komai ba. Dogo ne, wankan tarwaɗa, saje kwance luf, in ya fita daga lif ƙamshinsa sai ya yi zamansa a ciki. In yana magana kamar ana karanta miki shafin da kika fi so. Duk abin da littattafan nan suka yi mini alkawari, na ga an haɗa an ajiye shi a ginin da ke kallon namu. Anti Binta ce ta haɗa mu, wadda ke karatun jinya, wadda mahaifiyata ta damƙa wa amanata ta waya tun ranar da na sauka ƙasar nan. Lokacin kulle shi ne yake aiko mana da kifi da attaruhu daga kasuwar Chow Kit. Wannan alheri ban manta ba, ba kuma zan manta ba.

Da aka sassauta doka aka bar mutane su ɗan yi nisa, na gaya masa inda nake son zuwa. Ya yi dariya irin tasa mai sanyi.

"Gimbiya, tsuntsu? Ga manyan kantuna an buɗe, ga wuraren cin abinci, ki rasa abin so sai taɓo?"

"Shi nake so, Dakta."

"To shi ke nan. Zan kai ki sau ɗaya, ki gani ki ƙoshi, a rufe wannan babi."

Ni kuwa a cikin duk maganar nan, "zan kai ki" kawai kunnena ya ɗauka. Nan da nan na gina abina a zuciya: ni da shi a bakin ruwa, iska tana wasa da gyalena, fararen tsuntsaye suna tashi a bayansa, ya juyo ya faɗi kalmar da zan riƙe har tsufa. Mak Cik ta gargaɗe ni na sa kaya masu duhu, kalar ƙasa. Na ce to. Washegari na tafi Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin 'yan yadi, na sayo gyale ruwan ƙwai, na fito da jar atamfata, da awarwaro, da takalmi mai tsini, da kwalbar humra. Ku gaya mini, wace jaruma aka taɓa furta wa kalaman so tana sanye da kalar ƙasa?

Anti Binta ce 'yar rakiya, don ba za a ce budurwa ta bi saurayi kwana a wani gari ita kaɗai ba. Ta shigo mota da kaya kamar mai tafiya aikin Hajji: tabarma, buta, kular dambun nama, gwangwanin yaji, man zafi na gwiwa. Tun kafin mu fita Setapak ta fara, "Ni dai Allah ya sa ƙarshen tafiyar nan a sa rana. Gwiwata ba ta fita banza."

A bakin iyakar Kuala Lumpur da Selangor muka tarar da shingen 'yan sanda, don ba a gama janye su ba. Layi ya yi tsawo, kowa da takunkumi, kowa ya riƙe waya a hannu don nuna shaidar lafiyarsa. Wani ɗan sanda matashi ya leƙo, ya duba fasfo da katin makaranta, ya tambayi inda za mu da abin da zai kai mu. Dakta ya gyara zama ya ce cikin Turancinsa mai santsi, bincike za mu je na jami'a, a kan muhalli.

Ban san lokacin da na leƙo daga baya ba. Na ce, "Tsuntsaye za mu je kallo."

Ɗan sandan ya dube ni, ya dubi gyalena, idanunsa suka ƙanƙance don dariya. Ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa da Malay, su duka suka dara. Sai ya ce mahaifinsa ma haka yake, in ya tafi bakin taɓo sai an bi shi da abinci. Ya miƙo mana takardunmu ya ce, "Boleh, boleh." Wato an yarda, mu wuce.

Mun yi nisa kafin Dakta ya yi magana. "Ba ko'ina ake faɗar komai ba, Hajara. Kin ga yadda suka yi mana dariya?"

Na ce, "Ai dariyar ce ta buɗe shingen." Anti Binta ta mintsine ni a cinya.

Gari ya ƙare, gonakin kwakwar manja suka fara, daga nan sai shinkafa, shimfiɗe har inda ido ya gaji. Wallahi sai na ga kamar fadamar garinmu ce aka wanke aka goge. Masaukin gidan katako ne a kan dogayen ƙafafu, a tsakiyar gonaki. Kak Ros, ƙanwar Mak Cik, ta tare mu a ƙasan matakala da abin auna zafin jiki, ta saita shi a goshin kowa kamar mai harbi, sannan ta dafa ƙirjinta a madadin musabaha. Ni da Anti aka ba mu ɗaki a sama. Dakta aka kai shi wani ɗaki na maza kusa da masallacin unguwa.

"Makan, makan," in ji Kak Ros, wato a ci abinci, tana jera kwanuka a tabarma. Shinkafa ce da aka dafa da ruwan kwakwa, da soyayyen kifi, da wata jar miya da ta yi mini kama da dage-dage. Anti ta kai loma ɗaya ta tsaya.

"Ke Hajara, wannan miya ce ko alewa? Wa ya taɓa zuba sukari a attaruhu?"

"Anti, tana kallonki."

"Ta kalla. Miƙo mini yajina."

Kak Ros ta nemi ta ɗanɗana. Ta lakata da yatsa, ta yi tari, hawaye ya zubo, ta sha ruwa, sannan ta miƙo farantinta a ƙara mata. Kafin a kwashe kwanuka sun zama ƙawaye, ɗaya na Hausa ɗaya na Malay, kowacce tana gyaɗa kai kamar ta gane. Abin da Anti ta ƙi ko taɓawa shi ne wasu 'yan ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, da in an buɗe sai ka ga kamar jini. Ta ce ita ba ta cin abin da ba a san inda za a yanka shi ba.

Bayan la'asar muka bi 'yan siraran hanyoyin da suka ratsa gonaki. Mata da hijabi suna wuce mu a kan babur, wata har da buhu a gaba, ba wanda ya ɗaga kai ya kalle su. Balbelu suna bin motar noma kamar yadda namu suke bin shanun Fulani. Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin kwalbati, fuskar nan a murtuke kamar mai gadin da ba a biya ba. Sai wani ɗan tsuntsu shuɗi, shuɗin da ban taɓa gani a jikin wani yadi ba, ya faɗa ruwa ya fito da kifi. Na yi maza na miƙa wa Dakta madubin.

"Duba, don Allah duba kan wayar lantarkin can!"

Ya kara a ido, ya sauke. "Na gani. Shuɗi ne." Ya koma neman sabis a wayarsa. Amma fa ya ɗauke ni hotuna masu kyau, wannan gaskiya ce. Ya san inda haske yake faɗowa.

Kak Ros ta yi mana bayanin yadda abin yake. A nan ba agogo ake bi ba, ruwa ake bi. Teku yana janyewa ya bar taɓo har ba a ganin ƙarshensa, a lokacin tsuntsayen suna can nesa suna kiwo. In ya fara dawowa sai ya dinga turo su, a hankali a hankali, har su taru a gaban wata rumfar katako da aka gina don masu kallo. In ya gama cika kuwa, sai su tashi su tafi wani wuri. Ɗan tsakanin nan shi ne rabon mai kallo.

Washegari da hantsi muka ajiye mota a ƙarshen hanya, muka bi wata doguwar gaɓa ta ƙasa, itatuwan ruwa a dama da hagu. Ban yi nisa ba tsinin takalmina ya nutse, na ciro ƙafa takalmin ya zauna. Muna fama da wannan, wani biri ya diro ya fizge ledar dambun da Anti ta ɗebo mana, ya haye reshe ya zauna yana ci yana kallonta.

"Allah ya isa! Naman da na yi tattali tun daga Kano! Ka ci, yajin ciki ya ishe ka hukunci!"

Haka muka isa, ni da takalmi a hannu, Anti tana waiwaye tana ƙorafi. Rumfar ɗaki ce sosai, da rufi da bango, an rataya buhu a ƙofa a matsayin labule, ga takalma ƙafa biyu a waje, na mace da na namiji.

To ku gaya mini, 'yan uwana mata. Ɗaki da labule, da takalman mutane a ƙofa. Wace 'yar Hausa ce za ta ɗaga labulen nan ta faɗa ciki kamar akuya? Na tsaya na yi sallama. Shiru. A gidanmu in aka yi sallama ba a amsa ba, ƙara murya ake yi, wataƙila masu gida suna ciki. Na ƙara. Shiru. Sai na tafa hannu, awarwaro suka yi kacau-kacau, na buɗe murya irin wadda nake yi a zauren kakata mai nauyin kunne.

"Salamu alaikum! Gafara dai masu gida!"

Abin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Kamar an yaye wani ƙaton zani daga kan duniya. Sama ta yi duhu da fukafukai, dubbai, suna juyawa tare, su yi fari su yi toka su sake yin fari, suna kuka. Na saki baki. A raina na ce ashe wannan aka zo gani, Allah mai iko. Sai da suka ƙanƙance suka ɓace a kan teku, sannan na ɗaga labulen.

Wani dattijo Basine ne da matarsa a kan benci, gabansu wani dogon madubi a kan ƙafafu uku. Dattijon ya dafe kai da hannu biyu. A hankali ya ce da Turanci, "Tun asuba muke nan." Matar ta dafa hannunsa. Na leƙa 'yar tagar da ke gabansu. Taɓo fayau, ko ɗan tsako babu.

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, Dakta ya riga ni. Ya shiga gabana, ya rusuna musu, ya ce da Turanci su yi haƙuri, daga ƙauye take, ba ta waye da irin waɗannan wurare ba, shi ma bai so kawo ta ba.

Da Turancin nan nake rubuta kundin digirina. Babu kalmar da ta wuce ni.

Ya juyo gare ni da Hausa, murya ƙasa-ƙasa. "Kin ga abin da kika ja mana? Kin shigo wa mutane kamar mai tallan fura. Dubi kayan jikinki. Kin ba ni kunya, Hajara."

"Sallama na yi, Dakta, ba ashar ba. Kai ma haka aka koya maka a gida."

"Nan ba gida ba ne."

"Na sani. Na yi kuskure, kuma da bakina zan ba da haƙuri. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kai ne dai ka ji kunyar naka."

Na kewaye shi, na durƙusa a gaban tsofaffin kamar yadda zan yi wa iyayena. Na gaya musu a garinmu ba a shiga ɗaki sai an nemi izini da murya, ban san a nan shiru ne ladabi ba. Na tambaya ko tsuntsayen za su dawo. Matar, wadda daga baya na ji sunanta Madam Tan, ta ce, "Wataƙila. In ruwa bai riga ya cika ba, in kuma an yi shiru."

Dakta ya ce, "Ba zan zauna cikin sauro ina jiran wataƙila ba. Ku same ni a mota." Ya fita.

Na tsaya daga bakin ƙofa, ban zauna ba, don ba a ce na zauna ba. Can sai ga wasu 'yan ƙananan tsuntsaye guda-guda sun fara sauka a nesa, suna gudu suna tsayawa. Dattijon ya ɗago kai, ya kai hannu ga madubinsa. Daidai nan hon ɗin motar Dakta ya tashi daga ƙarshen hanya. Dogo. Aka sake. Aka kuma sakewa. 'Yan tsuntsayen suka watse.

Tawa sallamar rashin sani ce. Shi kuwa yana tsaye aka faɗi abin da ake bukata.

Na fita ba takalmi, taɓo har idon sawu, Anti tana ɗingishi a bayana tana kiran sunana. Na same shi a mota, sanyin na'ura yana kaɗa masa riga. Ya sauke gilashi.

"Shigo mu tafi."

"Buɗe mini but, zan ɗauki jakata."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Hajara, saurare ni da kyau. Kin ce a kawo ki, na kawo ki, kin gani."

"Ban gani ba tukuna. Korar su na yi. Ka kashe mota ka jira ni, ruwa bai cika ba."

"Matar da zan aura ba za a dinga nuna ta a bakin taɓo ana dariya ba. In kika koma rumfar can, to kin zaɓa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, a wannan lokacin ma kyakkyawa ne. Zuciyata ta buga irin bugun da ake rubutawa a littafi. Na tsaya ina jiran shafi na gaba, inda jarumi zai sauko, ya naɗe ƙafar wando, ya ce, muje, in ma shekara ce zan jira. Na ba shi lokaci, wallahi na ba shi. Sai ya dubi agogon hannunsa.

Na zagaya na ƙwanƙwasa but ɗin, ya buɗe, na ɗauki jakata.

Anti ta iso tana haki. "Ke 'yar nan, kanki ɗaya? Miji kamar wannan, a kan tsuntsu? Malam Kamal, yi haƙuri, kashe motar, yarinta ce."

"Anti, shigo kawai. In ta ga mun motsa za ta biyo mu."

Anti ta dube shi, ta dube ni. Sai ta miƙa hannu ta jawo tabarmarta da butarta. "A'a, ƙanena. Ni aka ba amanarta, kai ba a ba ka ba tukuna. Inda ta zauna nan na zauna."

A hanyar komawa rumfar ta zage ni tas. Da muka kusa, na zare awarwaro na zuba a jaka, na ninke gyalen ruwan ƙwai, Anti ta ciro tsohon hijabinta na salla, kalar ƙasa, ta jefa mini. Muka isa ƙofar buhun nan. Na tsaya. Ko yanzu ba zan shiga ɗakin mutane kamar ɓarauniya ba. Na matsa bakina jikin labule, na yi sallama da raɗa, yadda ko sauron da ke kunnena bai firgita ba.

Daga bayana Anti ta amsa, ita ma da raɗa, "Wa alaikumus salam, mai taurin kai."

Madam Tan ta waiwayo, ta buga benci da tafin hannu sau biyu, can ɗaya ƙarshen, yadda za a bar tazara. Muka zauna.

Ban san tsawon zaman ba. Sauro ya ci rabonsa. Gumi ya jiƙa takunkumina. Da na gaji da kallon taɓo sai na koma satar kallon tsofaffin nan. Ta ɓare lemo, ta sa masa ɓari ɗaya a tafin hannu ba tare da ta dube shi ba, shi ma ya karɓa bai duba ba. Can ya tashi ya rage tsawon ƙafafun madubin daidai tsayinta, ya koma ya zauna. Ko kalma ɗaya ba ta shiga tsakaninsu ba. Na karanta littattafai sun fi a ƙirga, duk soyayyar cikinsu baki ce, kalamai shafi-shafi. Ba wanda ya taɓa rubuta mini wannan.

Ruwa ya matso. Sai ga su. Da farko tsiraru, sannan tari, sannan kamar ana zazzage buhu daga sama. Suka sauka gab da mu har ina jin motsin ƙafafunsu a taɓo. Ƙanana masu gudu kamar an ɗaure musu zare ana ja. Masu jan ƙafa. Masu barci a tsaye da kai cikin fiffike. Can gefe wani ƙato mai sanƙo, ya rataya fukafukai kamar babbar riga. Anti ta karɓi madubin ta duba, kafaɗunta suka fara rawa, ta raɗa mini, "Wallahi kawun maigidana ne, har tsayuwar." Na toshe baki da hijabi don kada na sake yin ɓarna.

Dattijon ya ɗaga yatsa ya yafito ni. Ya goge bakin madubinsa da magani, ya ja baya. Na sa ido. Wata tsuntsuwa ce kalar ƙasa, kalar hijabin da ke jikina, da dogon baki lanƙwasasshe kamar lauje, an ɗaura mata wata 'yar alama a ƙafa. Ya raɗa cewa a wata ƙasa mai nisa aka ɗaura mata, kuma duk shekara yana ganinta a nan. Bana ya ɗauka ba za ta zo ba.

Jirage a ajiye, iyakoki a rufe, ni na kasa zuwa Haɗeja ko bikin ƙanwata, ita kuwa ga ta, ta ratso duniya da ƙirjinta, tana tsaye tana share fiffike kamar ba ta yi komai ba. Na yi kuka a cikin takunkumi. Ban san ko na Dakta ne ko na tsuntsuwar ba, ban kuma tsaya rarrabewa ba.

Su Madam Tan ne suka sauke mu a gidan Kak Ros. Aka ce Dakta ya zauna a nan har azahar, sannan ya tafi. Washegari muka hau bas, kujera ɗaya a zauna ɗaya a tsallake, ga ƙarnin busasshen kifin wata mata. Anti ta yi mini wa'azi tun daga gonakin shinkafa har barci ya ɗauke ta. Sai da dogayen gine-gine suka fara bayyana ta farka, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce tana kallon taga, "Amma fa hon ɗin nan da ya yi, bai kyauta ba." Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba.

Dakta ya kira ni bayan kwana biyu, muryar nan mai sanyi, ya ce ya yafe mini. Na ce na gode, ni ma na yafe masa, amma kada ya wahalar da manya. Na kai wa Mak Cik madubinta, na tsaya daga bakin ƙofa na ba ta labarin mai baki kamar lauje. Ta saurara ido a rufe. Da na gama ta tura mini madubin da ƙafar sandarta, ta ce ya zama nawa.

To kun ji. Dakta yana nan a gininsa, lafiyarsa ƙalau, ƙamshinsa bai ragu ba, wadda take so ga fili ga mai doki, ni mai yi mata fatan alheri ce. Amma a daina cewa na rasa miji saboda tsuntsu. Tsuntsayen nan ni na kore su da bakina, kuma suka dawo. Shi ban kore shi ba. Jira kawai na ce ya yi.